Abin da riƙon oba-oba ya koya mini a aikin agaji

A ƙungiyarmu ta 'yan agaji a nan Sakkwato, ni aka ɗora wa kula da na'urorin oba-oba, wato rediyon hannu na magana da juna. Ni ke yi musu caji, in saita su, in raba wa masu aiki da safe, in karɓe su bayan an watse. Aiki ne da ba a cika ganin mai yin sa ba, amma ranar Idi, ko daren rufe tafsiri, ko ranar kammala musabaƙa, da shi ake riƙe taro. Duk wanda ya taɓa neman ɗan'uwansa a waya a filin Idi ya san yadda layi ke cushewa idan dubban mutane suka taru a ƙarƙashin turken sadarwa guda. Oba-oba ba ruwanta da turke, ba ruwanta da kati. Daga hannunka muryarka ke tashi ta sauka a hannun abokin aikinka.

Sai dai wanda ya saba da wayar salula yakan zo da ɗabi'un waya, kuma su ne ke ɓata aiki. A waya ku biyu ne, kuna iya magana lokaci guda. A oba-oba kuwa da zarar ka danna madannin gefe, kai ba ka jin kowa, kuma duk wanda ke wannan tashar ba shi da hanya sai ka saki. Idan mutum biyu suka danna tare, ko dai muryar wanda ya fi kusa ta danne ɗayar, ko a ji gurnani kawai. Tasha ɗaya ga mutum ashirin kamar rijiya ce mai guga ɗaya, wanda igiya ke hannunsa shi ake jira, ko da na bayansa wuta ce ta kama masa gida. Duk abin da na koya daga baya, daga saiti har zuwa kula da batir, wannan ne tushensa.

Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin sadarwa, wanda dukkanmu muke kira Baba, shi ya fara zaunar da mu. Abin da ya fi nanatawa shi ne: "Ɗiyana, kahin ku danna, ku gama maganar cikin zuci." Ya koya mana a danna, a yi shiru na daƙiƙa ɗaya, sannan a yi magana, domin na'urar ɗaya ɓangaren tana ɗaukar ɗan lokaci kafin ta buɗe, kuma kalmar farko ce ke salwanta. Ka duba illar wannan: mutum ya ce "kada a buɗe ƙofa", aka ji "a buɗe ƙofa". A fara da sunan wanda ake kira, sannan mai kira ya faɗi nasa. Mu da wuraren tsayuwa muke kiran juna, ba da sunayen yanka ba; Tsakiya ita ce cibiyar da ke tafiyar da aikin, "oba" kuma na nufin na gama, naka ne. "Tsakiya, Tsakiya, Ƙofar Gabas ce, oba." "Ina jin ka, Ƙofar Gabas, oba." Idan umarni ne ko lamba, wanda ya karɓa ya maimaita don a tabbatar. Gaisuwa kuwa, duk da nauyinta a wurinmu, mun yarda a gama ta baki da baki wurin rabon na'urori. Na ga yadda ya yi wa samari nauyi su kira Malam ko Kwamanda ba tare da "ina kwana" da "yaya iyali" ba, sai da manyan da kansu suka ce sun yafe, kuma su suka fara gajarta tasu maganar.

Muna da kalma guda da muka keɓe. Idan aka ji "gaggawa, gaggawa", kowa ya cire yatsa daga madanni har sai Tsakiya ta ce a ci gaba.

Saiti kuwa ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancin na'urorin hannu a kan ɗaya daga zango biyu suke aiki: VHF, mai mita, wato lambar tasha, daga megahaz 136 zuwa 174, da UHF, daga 400 zuwa 470 ko sama kaɗan. Na farkon ya fi kyau a sarari, irin fadamar Rima ko gonakin wajen Kware da Wamakko. Na biyun ya fi iya ratsa lunguna da gine-gine, don haka shi ya fi mana amfani a cikin tsohon gari, wajen Hubbare da Masallacin Shehu, ko tsakanin rumfunan kwano na babbar kasuwa. Kowane zango da eriyarsa. Cikakkiyar eriyar VHF ta kai kusan santimita 50, ta UHF kuma kusan 17, gajerun da muke gani an naɗe wayar ne a cikin roba. Shi ya sa ba a ɗauko eriyar wata na'ura a ɗaura wa wata don kawai bakin ya shiga. Kuma ba a danna madanni babu eriya a jiki, domin ƙarfin da ya kamata ya fita iska yana komawa ciki ya ƙona na'urar.

Abin da aka rubuta a kwali game da nisa, na daina kallon sa. Igiyar rediyon da ke ɗauke da muryar ba ta bin lanƙwasar ƙasa sosai, kusan sai inda eriya ke hango eriya. Mutumin da ke tsaye da na'ura a bakinsa, a fili shimfiɗaɗɗe, iyakar hangen eriyarsa kamar kilomita 5 ne. Idan ya hau bene mai tsawon mita 10, ya koma kusan 13. A cikin gari, da katangu da kwanon rufi da motoci, kilomita ɗaya ko biyu ma sai an gode Allah. Ƙarin ƙarfi ba ya yin abin da mutane ke zato: sai an ninka shi sau huɗu nisa ke ninkuwa sau biyu, shi ma a inda babu abin da ya tare. Don haka idan murya ta fara yankewa, kafin a taɓa saiti, a ɗaga na'urar, a miƙe eriya tsaye, a fito daga rumfa, a matsa 'yan taku. Jikin mutum ma yana tare igiyar, wanda ya rataye ta a ƙugu yana magana ta wayar abin kunne ba zai kai nisan wanda ya riƙe ta daidai fuska ba. Tsakiya kuma kullum a wuri mai tudu muke ajiye ta. Jajibirin kowane taro nakan sa a tsaya a kowane wurin aiki a gwada, domin a san inda ba a ji tun babu jama'a, duk da na san cikar mutane za ta rage wani abu.

A saiti akwai abubuwa ƙanana biyu da ba na tsallakewa. Ɗaya shi ne abin da ke toshe ƙarar "shuu" idan babu mai magana: in aka yi ƙasa da shi sosai na'ura ta dami mutane ta cinye batir, in aka yi sama sosai ba za ka ji na nesa ba. Ɗayan shi ne agogon da ke katse magana idan ta wuce minti ɗaya. Shi ke ceton mu ranar da wani ya zauna a kan na'urarsa ko ya matse ta a aljihu, tashar ta toshe ana jin hirarsa shi bai sani ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun sirri. Ƙananan na'urorin nan masu tasha 16 da suka cika kasuwa, irin Baofeng BF-888S, yawanci da mitoci iri ɗaya suke fitowa daga kamfani. Wanda ya sayi tasa jiya ya kunna, yana iya jin ku. Akwai wata lamba da masu sayarwa ke ce wa ta sirri, amma sauti ne siriri da ake haɗawa da muryarka don na'urorinku su riƙa buɗewa ga junansu kawai. Ku ne ba za ku ji baƙo ba, shi baƙon da bai sa lambar ba yana jin ku tas. Ban da na nesa ma, ga na kusa: lasifikar da ke kafaɗar ɗan agaji a tsakiyar sahu, mutum goma ke sauraren ta.

Daga nan muka tsayar da abubuwan da ba a faɗa a iska. Ba a faɗin inda kuɗin taimako suke ko wa zai ɗauke su. Ba a faɗin motar da babban baƙo zai shiga da hanyar da zai bi. Idan mace ta faɗi a ɓangaren mata, a ce ana neman masu ba da taimakon farko a wuri kaza, ba suna, ba bayanin ciwo, domin mutuncinta ya fi saurin aikinmu. Idan an tsinci yaro, ba a zayyana sunansa da kayan jikinsa duka, a bar wani abu da za a tambayi wanda ya zo karɓa. Kalmomi irin su "wuta" ko "hari" kuwa, a cikin cunkoso suna iya kashe mutane ko da babu wutar, domin gudu ɗaya ne ke jawo turmutsutsu. Magana zarar bunu ce. Wanda zai kawo rahoto ya bambance abin da ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa, kuma ya faɗi wuri kafin ya faɗi abin da ya faru, ta yadda ko maganar ta katse an san inda za a nufa. Masu tsayawa cikin jama'a duk da abin kunne suke aiki, wanda kuma ya warware mana matsalar ƙara lokacin da aka tayar da salla.

Sai zafin garinmu. Daga Maris zuwa Mayu ma'auni kan haura digiri 40, kuma batirin lithium ba a so a yi masa caji idan zafinsa ya wuce 45. Na'urar da ta yini a rana sai ta huce a inuwa kafin ta hau caja, kuma a kashe take hawa. Ba a barin ta a gaban mota a rufe, ba a yin caji a kan katifa ko a ɗakin kwano da aka kulle aka tafi. Batirin da ya kumbura ya gama aiki, ko da yana riƙe wuta. Ba a jefa batir a aljihu tare da makullai, domin ƙarfe na haɗa bakinsa ya yi zafi. Awannin da kamfani ke rubutawa an lissafa su ne a kan kashi 5 magana, kashi 5 sauraro, kashi 90 jira, saboda haka mai yawan surutu tasa ke fara mutuwa. A filin da ba shi da faɗi, ƙaramin ƙarfi muke sawa, ya isa kuma batir ya kai yamma. Da hunturu ƙura kan toshe lasifika ta kwanta a bakin caja, busasshen ƙyalle da ɗan burushi sun wadatar. Kuma a cire ta daga aljihun gaba kafin a sunkuya alwala.

Game da jiki, masu ƙera su sun ce a bar aƙalla santimita biyu da rabi tsakanin eriya da fuska lokacin magana. Eriyar da robarta ta yage tana iya ƙona fata, kuma ba marikin na'ura ba ce. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji kada oba-oba ta kusanci ƙirjinsa ƙasa da santimita 15. A gidan mai, ko inda ake ɗura gas, ko inda ake fasa dutse da nakiya, a kashe ta tun kafin a shiga, kada kuma a cire batir ko a mayar a wurin. Mai babur ya tsaya kafin ya amsa. Wanda muka ɗora a kan bene don ya ji kowa, da hadari ya haɗo da damina sai ya sauko, ko da za mu rasa rabin fili.

A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar nan saboda matsalar tsaro, mutane sun riƙa zuwa wurina suna tambaya ko oba-oba za ta haɗa su da 'yan'uwansu a Isa ko Sabon Birni. Na ji ciwon halin da suke ciki, amma gaskiyar ita ce na'urar hannu ba ta kai nisan da ya haura kilomita 100, sai da na'urorin maimaitawa da aka kafa a kan dogayen turaku, kuma wannan ba abu ne da mutum zai yi gaban kansa ba. Iska tana da doka. Tun 1961 Najeriya ke da dokar sadarwar da ba ta waya, ga kuma Dokar Sadarwa ta 2003. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ce ke amincewa da nau'in na'urorin da ke shigowa, Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya kuma ita ke ba ƙungiyoyi da kamfanonin da ke amfanin kansu izinin mita. Irin Baofeng UV-5R mai madannan lamba tana barin mutum ya shigar da kowace mita a zangonta, har ta jami'an tsaro, kuma zangon jiragen sama, 118 zuwa 137, yana maƙwabtaka da nata, ga filin jirgin Sultan Abubakar III a gefen gari. Shi ya sa nake saita namu da kwamfuta, in kulle madannan, in bar tashoshinmu kawai.

A halin da yankinmu ke ciki, wanda aka samu da oba-oba a shingen bincike dole a yi masa tambayoyi, kuma ban ga laifin mai tambayar ba. Don haka kowace na'ura tamu tana da lamba a jiki da kuma a littafi, wanda ya karɓa ya sa hannu, ba a kai ta gida, ba a ara wa aboki. Idan aiki ya kai mu wajen gari, a cikin akwati suke tafiya a kashe, tare da takardar ƙungiya da katin shaidar mai ɗauke da su, kuma mukan sanar da ofishin 'yan sandan yankin kafin mu isa. Idan ɗaya ta ɓata, a ranar ake kai rahoto, a ranar kuma nake sauya wa sauran tasha.