Ɗinke ƙabar matsematsin yara ta hanyar huda cibiya: yadda aikin yake da inda yake ɓaci

Ƙabar yaro daban take da ta babba. A wajen babba, naman bangon ciki ne ya yi rauni, shi ya sa ake ƙarfafa shi da raga. Shi kuwa yaro bangonsa lafiya lau yake, ƙofa ce kawai aka haife shi da ita a buɗe. A watannin ƙarshe na ciki, 'ya'yan maraina suna saukowa daga cikin ciki zuwa jakarsu, tare da wani siririn aljihu na tantanin ciki da ke ratsa matsematsi. Ya kamata aljihun ya manne bayan saukar. In bai manne ba, hanji ya samu hanya, sai a ga kumburi na fitowa in yaro ya yi kuka ko yunƙuri, ya koma in ya kwanta. 'Ya mace ma tana da irin wannan aljihu, kuma a wajenta sau da yawa ƙwan mahaifa ne ke faɗawa ciki. An fi ganin matsalar a maza, a gefen dama, kuma bakwaini ya fi kowa samunta.

Wannan ƙaba ba ta warkewa da kanta, ɗaure ta da ƙyalle ko bel ma ba ya rufe ta. Abin tsoro shi ne maƙalewa, musamman a shekarar farko: hanji ya shiga ya ƙi komawa, ya kumbura, ya danne jijiyoyin da ke kai jini ga ɗan maraina. Kumburi mai tauri da zafi, kuka ba ƙaƙƙautawa, amai kore, wannan ba ya jiran wayewar gari.

Aikin likita dai ɗaya ne: ya rufe bakin aljihun daga sama. A tsohuwar hanya ana tsaga fatar matsematsi kamar santimita 1 zuwa 2, a raba aljihun da bututun maniyyi da jijiyoyin jini, a ɗaure a yanke. A laparoskopi kuwa, wato aikin da ake yi da kyamara ta ɗan huji a cibiya, daga ciki ake zuwa wa ƙofar, kusan ba a taɓa igiyar maraina, wato bututun maniyyi da jijiyoyin jinin.

Yaro zai daina cin abinci da madarar gwangwani awa 6 kafin aiki, nono awa 4, ruwa zalla awa 2, wasu asibitoci ma awa 1. Barci ake sa shi gaba ɗaya. Ana so mafitsara ta zama fanko don kada ta tare gani. Sai a buɗe cibiya, a zura bututu mai faɗin milimita 3 ko 5, a hura iskar kabon dayoksaid don ciki ya ɗaga. Matsin iskar kaɗan ake sa shi, tsakanin 6 da 10 a ma'aunin milimita na makuri, domin in ya yi yawa a jariri numfashi na takura, jini kuma ya rage komawa zuciya. A ɗan sunkuyar da gado ta wajen kai, hanji ya zame ya ba da wuri, kyamara ta shiga.

Kafin allura ta taɓa ko'ina, sai likita ya gane abu huɗu a allon: ƙofar kanta, jijiyoyin jinin bangon ciki da ke hawa ta gefenta na ciki, bututun maniyyi da ke shigowa daga wajen mafitsara, da jijiyoyin ɗan maraina da ke zuwa daga gefe. Bututun da jijiyoyin suna haɗuwa ne a ƙasan ƙofar, kuma a ƙarƙashinsu manyan jijiyoyin jinin ƙafa suke kwance. Duk wahalar aikin tana wannan ɗan lungu na ƙasa.

Hanyar ɗinki iri biyu ce. Akwai masu ƙara huji biyu na milimita 3, su shigar da kayan aiki, su zagaye ƙofar da zare daga ciki kamar zariya, su zuge su ƙulla. Wannan na buƙatar hannu ƙwarai, domin cikin jariri ba fili. Ɗayar ita ce ta bi ta fata, wadda ake kira PIRS, da likita Dariusz Patkowski na ƙasar Foland ya bayyana a 2006. A Japan akwai makamanciyarta mai suna LPEC, da allura ta musamman. A PIRS, allura mai lamba 18 ce ke huda fata daidai saman ƙofar. Tana bin rabin da'irar a ƙarƙashin tantani, ta leƙa cikin ciki, ta bar madaukin zare. A zare ta, a sake shiga ta wannan hujin, a bi ɗaya rabin, a tura zare na biyu cikin madaukin. In aka jawo madaukin waje, zaren ya zagaye ƙofar kenan. Kafin a ƙulla, a sassauta iska, a matse jakar maraina don iska da ruwan da ke ciki su fice, sannan a ƙulla a binne ƙullin ƙarƙashin fata. In komai ya tafi daidai, gefe ɗaya bai cika wuce minti 30 ba.

Yawancin ƙabar da ta dawo, daga wajen bututun maniyyi take dawowa. Likita na tsoron kama bututun, sai ya tsallake shi da tazara mai faɗi, ya bar giɓi. Maganin wannan shi ne a tura ruwan gishiri ko maganin kashe zafi tsakanin tantani da bututun, tantanin ya ɗago, allura ta wuce ta sama ba tare da tsallake ba. Sai kuma zaren. Wanda ke narkewa yana iya tafiya kafin wurin ya yi tabo, don haka an fi son wanda ba ya narkewa, mai kaurin 2-0 ko 3-0. Masu aikin da yawa suna kuma ɗan ƙona tantanin saman ƙofar da lantarki, nesa da bututu da jijiyoyi, saboda tantani lafiyayye santsi gare shi, ba ya son mannewa. Tabon shi ke riƙe ƙofar na dindindin, zare na jiran tabo ne kawai. Kuskure na uku shi ne a haɗa da nama ko kitse a cikin ƙulli: da farko ya yi kamar ya matse, in naman ya lotsa zare ya yi sako-sako, yaro kuma ya fi jin zafi.

Sauran matsaloli sun haɗa da taruwar ruwa a jakar maraina in an bar ɗan giɓi, ƙurji a kan ƙullin zare wanda wani lokaci sai an ciro shi, da jini in allura ta soki jijiya. Ko babbar jijiya allura ta taɓa, yawanci janye ta da danne wurin daga waje na tsayar da jinin. Hujin cibiya ma sai an ɗinke shi da kyau, kada a gyara wata ƙaba a haifar da wata.

Babbar ribar kyamara ita ce ganin ɗaya gefen. A yara da yawa ana tarar da waccan ƙofar ma a buɗe, ana iya rufe ta a zama ɗaya. Amma ba kowace buɗaɗɗiyar ƙofa ce za ta zama ƙaba ba, galibinsu ba za su taɓa damun yaron ba, don haka likitoci sun rabu a kan rufewar. A ganina, magana ce da ya kamata a gama da iyaye kafin a shiga ɗakin tiyata, ba bayan an gani a allo ba. Kyamara na da amfani kuma in ƙaba ta maƙale, tunda ana ganin launin hanjin da ya koma, haka in ta dawo bayan tsagar farko, saboda ana kauce wa tsohon tabo. Batun ƙanƙantar rauni kuwa, an fi zuzuta shi: tabon tsagar yara yana ɓuya a lanƙwasar fata. Ƙaba gefe ɗaya a hannun wanda ya goge da tsaga, ba a yi asarar komai ba, ga shi jariri mai matsalar huhu ana iya yi masa tsagar da allurar baya ba tare da barci ba.

Yawancin yara ranar suke komawa gida, su ci abinci da zarar sun farfaɗo sosai. Farasitamol miligiram 15 a kan kowane kilo, duk awa 6, yakan isa kwana ɗaya ko biyu. Bakwainin da bai kai mako 60 ba, in aka haɗa makonnin ciki da na bayan haihuwa, yakan kwana a asibiti ana lura da numfashinsa, domin yana iya ɗaukewa bayan maganin barci. Babban yaro na iya cewa kafaɗarsa na ciwo, ragowar iska ce, tana wucewa. Ɗan kumburin jakar maraina na 'yan kwanaki ba abin damuwa ba ne. Zazzaɓi, amai, cibiya mai ja ko ruwa, ko kumburi mai fitowa da kuka irin na da, su ne ke mayar da yaro asibiti. A duba na gaba kuma likita zai taɓa ya tabbatar ɗan maraina na ƙasa a jakarsa, bai hau sama ba.