Yinin kore jimloli

Darasin mandiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, shi ne ya cinye mini yinin yau. Malam ya jera jimlolin Turanci a allo, ya ce mu mayar da kowace zuwa alamomi, sannan mu kore ta, wato mu rubuta jimlar da ke ƙaryata ta.

Masu "da" da "ko" ba su ja lokaci ba. Ƙa'idar De Morgan, masanin lissafin Birtaniya da ya rasu a 1871, ta raba gardama: ¬(P ∧ Q) daidai take da ¬P ∨ ¬Q, inda P da Q suke a madadin jimloli biyu, ¬ alamar korewa ce, ∧ na nufin "da", ∨ kuma "ko". Wanda ya ce ya karanta littafin kuma ya yi aikin gida, in ɗaya bai tabbata ba, maganarsa ta rushe.

Aji ya rikice ne da aka zo kan jimlar da ke cewa duk ɗalibai sun ci jarrabawa, wato ∀x P(x), inda ∀ ke nufin "duk", P(x) kuma "x ya ci". Da yawa suka kore ta da "babu ɗalibin da ya ci". Malam ya ajiye alli, ya dubi wata da ke layin gaba.

"Ke, ɗalibai nawa za su faɗi kafin ki ce maganar nan ƙarya ce?"

"Ko ɗaya ne ya isa, Malam."

"To zo ki rubuta."

Ta rubuta ∃x ¬P(x), inda ∃ ke nufin "akwai": akwai wanda bai ci ba. Tambayar nan ta shiga raina ƙwarai. Na lura mutum in zai musa magana yakan tsallaka can ɗaya ƙarshen, alhali abin da ake nema shi ne mafi ƙanƙantar abin da zai ƙaryata ta.

Da tambayar nan na tunkari jimlar sharaɗi da yamma: idan ka biya, za a ba ka rasit, P → Q. Na zana jadawalin gaskiya da ƙarya, layi huɗu, ina bi da bakin biro. Layi ɗaya tak ne jimlar ta zama ƙarya, inda aka biya kuma aka hana rasit. Korewarta kenan, P ∧ ¬Q, babu "idan" a ciki ko kaɗan. Abokin karatuna ya kafe a kan cewa korewar ita ce ¬P → ¬Q, wato idan ba ka biya ba, ba za a ba ka rasit ba, sai na tambaye shi wane alkawari aka saɓa wa wanda bai biya ba. Ya yi shiru, ya ɗauki abin gogewa.

Na ɗan leƙa tarihin alamomin, ashe ba tare suka zo ba: masanin lissafi Peano ya kawo ∃ a 1897, wani masanin lissafin, Gentzen, ya kawo ∀ a 1935.

Jimlar ƙarshe ta fi daɗi. Kowace ƙofa tana da mabuɗin da ke buɗe ta, ∀x ∃y B(y, x), inda B(y, x) ke nufin mabuɗi y yana buɗe ƙofa x. Alamar korewa na ratsawa ciki, kowace ∀ ta koma ∃, kowace ∃ ta koma ∀, har aka sami ∃x ∀y ¬B(y, x): akwai ƙofar da babu mabuɗin da ke buɗe ta. Jeri ma abin kula ne, don da an fara da ∃y ∀x, ana nufin mabuɗi guda ya buɗe duk ƙofofin, wanda iƙirari ne dabam kuma ya fi nauyi.