Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: "Nononki ne"

Makon jiya na tsaya a ranar sunan Auta. To, tun kafin a yanka rago na san yaron nan ba kamar yayyensa yake ba. Zai kama mama, ya ja sau uku ko huɗu, ya saki yana haki, goshinsa sharkaf da gumi, alhali hunturu ake a Argungu har da wuta muke kwana. In ya daɗe yana kuka, leɓɓansa da harshensa su yi shuɗi-shuɗi. Na nuna wa Gwaggo, uwar mijina. Ko duba shi ba ta yi ba ta ce, "Nononki ne. Ɗa ba ya ƙin nono sai in nonon ya ɓaci."

Aka jiƙo mini saiwoyi, aka kira wanzami ya cire masa belu. Duk abin da aka miƙo na shanye, wa ya isa ya yi musu da Gwaggo a gidan nan? Har kishiyata ta ɗauki maganar tana yawo da ita.

Sai da ya yi wata huɗu, ranar rigakafi, wata nas ta maƙala masa ɗan abin awon iskar oksijin a jini, mai jan haske, a ƙafa, ta sake a hannun dama. Ta ce, "Maman yaro, lafiyayyen jariri 95 zuwa sama yake nunawa, naki bai kai 90 ba." Daga Birnin Kebbi aka tura mu asibitin koyarwa na Sakkwato, aka ɗauki hoton zuciyarsa. Likita ya zana mini a takarda: rami ne tsakanin ɗakunan zuciya biyu na ƙasa, hanyar da ke kai jini huhu kuma ta tsuke. Ya ce kusan jariri 1 cikin 100 da larurar zuciya ake haifarsa, kuma awon nan bayan awa 24 da haihuwa ya kamata a yi. Ni kuwa a ɗaki na haihu, a hannun ungozoma.

Na ce, "Likita, ba nonona ba ne?" Ya ce tun yana ciki zuciyar ta ginu haka. Nan na fashe da kuka.

Bara da ɗiyata ta haihu, ban bari an sallame ta ba sai da aka yi wa jaririn awon nan na ga lambar da idona. Gwaggo kuwa, Allah Ya jiƙanta, na yafe mata, amma har ta koma ga Allah ba ta janye maganar nan ba. Ko da Auta ya fara tafiya, yana taku kaɗan ya tsugunna ya huta, cewa take nonon farko ne ya bar shi haka.

Mako mai zuwa zan faɗi yadda muka sayar da gonar fadama.