Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Shekarar da Aka Kori Mutanen Ghana

Na yi niyyar a wannan mako in ba da labarin aurena na farko, amma abin da ya faru a gidanmu na Gangare, cikin garin Jos, a farkon 1983 ya tare mini hanya, domin shi ne dalilin da ya sa har yau, da furfurata, ake ganina a ofisoshin masu kaki ina neman belin 'ya'yan mutanen da ban san iyayensu ba.

Mu kanmu korarru ne. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar Ghana, alhali Baba a Zangon Kumasi aka haife shi, a can ya gaji fataucin goro, kuma bai taɓa tunanin zai nemi izinin zama a garin da aka binne cibiyarsa ba. Ya karyar da gidansa a kan kuɗin da bai kai na kwanon rufinsa ba, muka cika bayan babbar mota har Legas, daga baya muka gangaro Jos inda Goggo take aure. Tun daga wannan tafiya ya riƙe magana ɗaya da yake maimaitawa ko da dalili ko babu: "Wanda aka taɓa kora ba ya riƙe wa mai kora fitila."

Saboda haka lokacin da wani tela mutumin Ashanti ya zo neman haya, a shekarun da kuɗin man fetur ya jawo 'yan Ghana suka cika makarantunmu da garejinmu, Baba bai yi shawara da kowa ba ya ba shi shagon da ke jikin zaure. Masta muke kiransa. Kirista ne, yana jin Hausar Zango, kuma bayan la'asar shi da Baba kan zauna a kan benci suna hira da yaren Ashanti suna dariya, mu kuwa ba ma gane ko kalma ɗaya. Rabin kayan makarantar yaran unguwarmu a kan kekensa na Singer aka ɗinka su, da yawa kuma bashi.

Ranar 17 ga Janairu, 1983, Ministan Harkokin Cikin Gida, Alhaji Ali Baba, ya sanar da cewa duk baƙon da ba shi da takarda ya fice kafin ƙarshen wata. Farashin mai ya faɗi, aiki ya yi wuya, tun rikicin Maitatsine na Kano a 1980 ake ɗora wa baƙi laifi, ga kuma zaɓe yana tafe. Ni ɗan goyon bayan Shagari ne a lokacin, Allah ya jiƙansa, amma wannan hukunci ban taɓa kare shi ba. Kusan mutum miliyan biyu suka fita, wajen rabinsu 'yan Ghana, da yawa kuma suka maƙale a kan iyaka babu ruwa babu abinci saboda Rawlings, shugaban Ghana na lokacin, ya rufe tasa iyakar sai daga baya ya buɗe. Da aka ƙara wa ƙwararrun ma'aikata wa'adi zuwa ƙarshen Fabrairu, Baba ya shiga faɗi-tashi don ya ga ko Masta zai samu shiga cikinsu, ya kuma ce masa kada ya riƙa buɗe ƙofar waje.

Baffa, ƙanen Baba, shi ne ya kawo masu kakin. Da asuba, muna dawowa daga masallaci, na gan shi tsaye a bakin lungu yana nuna musu ƙofar da haɓa. Suka fito da Masta da singileti, tef ɗin awo rataye a wuyansa, wandon makaranta na wani yaro yana nan ƙarƙashin allura ba a gama ba. Inna ta ɗaura masa garin rogo da ƙuli-ƙuli a cikin jakar nan mai zane-zane da har yau ake kira da sunan wannan kora. Baba ya juya ya dubi ƙanensa ya ce, "Auta, kai da na goya a bayana muka ƙetare iyakar Aflawo, yau kai ne mai riƙe fitila?" Baffa ya ce shi doka ya bi. Kowa a gidan ya san akwai kuɗin Masta a hannunsa, kuma ya daɗe yana son shagon don ya zuba kayan tireda.

'Ya'yan Baffa sun aiko mini cewa in bar mamaci ya huta, wai mahaifinsu biyayya ya yi wa hukuma. Ina yi masa addu'a kamar yadda suke yi, amma babu dokar da ta ce ya tashi da asuba ya yi rakiya. Kuma wanda yake ganin wannan abu na baƙi ne kaɗai, ya tuna da Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar jihar Borno, wanda aka ɗauka a Janairun 1980 aka ajiye a Chadi bisa cewa mahaifinsa ɗan can ne, sai da kotu ta tabbatar masa da 'yancinsa na ɗan ƙasa. Idan hakan ta sami ɗan majalisa, ina ga mai ga-ruwa?

Su ne kuwa nake bi yanzu. Duk lokacin da gari ya rikice, tun daga Satumban 2001, kame kan fara ne da masu ga-ruwa da masu shayi da masu gyaran takalmi da Buzaye masu gadi, mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa. Ana duba tsagen fuska, ana sauraron karin harshe, yanzu kuma ana karɓe waya a bi hotuna da lambobi ɗaya bayan ɗaya, wanda ba shi da lambar NIN kuwa an gama yanke masa hukunci tun a bakin titi. Na taɓa fito da wani yaro ɗan Maigatari da aka riga aka rubuta sunansa cikin waɗanda za a kai bakin iyaka, laifinsa kawai Hausarsa ta yi kama da ta ƙetare.

Abin da muke yi ba shi da yawa. Mukan tafi da mai unguwa da wani lauya da ke taimaka mana don Allah, mu rubuta sunayen waɗanda aka tsare don kada wani ya ɓace, mu tunatar da masu kakin cewa sashe na 35 na kundin tsarin mulki kowane mutum ya ambata, bai ce ɗan ƙasa kaɗai ba, kuma yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shigowa ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. Tun da Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025 wannan hujja ta biyu ta yi mana rauni a bakin kantar ofis, duk da cewa ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutane suna zirga-zirga. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, idan na bi diddigin kamen, sau da yawa wani na cikin unguwa ne ya nuna ƙofa, ko mai gidan haya da ke son ƙarin kuɗi, ko wanda ake bi bashi. Sai in ji maganar Baba ta fitila ta dawo mini.

Baffa bai samu shagon ba. Baba ya sa masa kwaɗo, ya hana a taɓa keken, kuma har ya rasu gaisuwa kawai ke haɗa su. Yadda aka yi da keken a rabon gado, da wasiƙar da ta iso daga Kumasi bayan shekaru, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.