Ciwon ƙeyar da tari ke tayar min, da hannun da ya daina jin zafi

Shekarata 31 lokacin da ƙeyata ta fara sarawa, makonni kaɗan bayan haihuwata ta biyu, wadda na sha doguwar naƙuda da nishi. Ba irin ciwon kan da na sani ba ne. Da na yi tari ko atishawa, sai in ji kamar an sauke min guduma daidai inda kai ya haɗu da wuya. Daƙiƙa ashirin, wani lokaci minti biyu, sai ya lafa kamar ba a yi ba. Kowa ya ce gajiyar jego ce da rashin barci, ni ma na yarda.

Yayata ce ta ƙi yarda. "Ke dai samo littafi," in ji ta, "duk sanda ya taso, rubuta abin da kike yi a lokacin." Na ce, "Yaya, ciwon da bai wuce minti biyu ba?" Ta ce shi ɗin. Wata biyu ina rubutawa, kuma da na zauna na karanta sai na ga abu guda yana ta maimaituwa: tari, atishawa, dariya mai ƙarfi, sunkuyawa in ɗauki yarinya, ɗaga bokitin ruwa, nishi a banɗaki. Haske bai taɓa tayar da shi ba, haka hayaniya, haka yunwa. Duk abin da zai sa in riƙe numfashi in yunƙura, shi ke kira shi.

Likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya daɗe yana duba littafin kafin ya ɗago kai ya ce a yi min hoton MRI. Hoton ya nuna ƙasan ƙaramar ƙwaƙwalwata, wadda ke bayan kai tana kula da daidaiton tafiya, ya zurara ta babbar kafar da ke gindin ƙoƙon kai, inda laka ke wucewa zuwa gadon baya. Ya sauko milimita 9. Daga milimita 5 ne akan kira shi Chiari nau'i na ɗaya, sunan wani likita ɗan Ostiriya, Hans Chiari, wanda ya bayyana lamarin a 1891.

Tambayar da ta fi damuna ita ce: in da shi aka haife ni, ina ya ɓoye shekara talatin? Amsar likitan ce ta sa na fahimci littafina. Akwai ruwa da ke kewaya ƙwaƙwalwa da laka, yana kai da komo ta wannan kafa duk bugun zuciya. Mai Chiari galibi bayan ƙoƙon kansa ya yi wa ƙwaƙwalwar kaɗan, sai ƙasanta ya zauna a bakin kafar kamar murfin kwalba da bai rufu sosai ba. Muddin ruwa na samun 'yar hanya, mutum lafiya lau yake, kuma da yawa har su tsufa ba su san suna da shi ba, sai dai in an ɗauki hoton kansu don wani dalili daban. Amma tari ko nishi yana ɗaga matsin ruwan farat ɗaya, ruwan ya rasa ta inda zai bi, sai ƙeya ta sara. Shi ya sa alamu kan ɓullo a ƙarshen ƙuruciya ko bayan an girma, wasu kuma bayan haɗarin mota da ya fizge wuya, ko faɗuwa, ko naƙuda kamar tawa. Ya ƙara da cewa akwai waɗanda ba da shi aka haife su ba: yoyon ruwan laka kan janyo ƙwaƙwalwa ƙasa, yawan matsi a cikin kai kuma kan turo ta. Nau'i na biyu dabam ne, yana zuwa da jariran da aka haifa da buɗaɗɗen gadon baya, kuma tun suna goyo yake taɓa numfashi da haɗiya.

Daga nan na yi kuskuren da har yau yake min ciwo. Na riƙe lamba 9 kamar ita ce ciwon. Ina ta tambaya ko ta zama 10, alhali likita ya gaya min tsawon saukowar ba shi ke auna tsananin ciwo ba. Wani da milimita 6 yana wahala, wani da 15 bai ji komai ba. Abin dubawa shi ne ko ruwa na wucewa. Na ji, amma hankalina na kan ƙeya, don ita ke kuka.

Hannuna na dama bai yi kuka ba. Wata rana ina guga, sai na ga bororo a gefen ɗan yatsana, ban kuma san lokacin da dutsen ya ƙone ni ba. Da na tuna baya, ashe na yi watanni ruwan wanka yana min zafi a hagu, a dama kuwa ɗumi-ɗumi. Akwai kuma ƙwarewa da ruwa da nake yawan yi, da jiri in na ɗaga kai sama. Ko ɗaya ban rubuta ba, saboda a ganina littafin na abin da ke ciwo ne.

Da na nuna wa likita ƙunar, fuskarsa ta canza. "Malama, wannan ya fi ciwon kan muhimmanci," ya ce. Hoton gadon baya ya nuna ruwa ya taru ya yi kogo a tsakiyar lakata, abin da suke kira siringomayeliya. Jijiyoyin da ke ɗauko jin zafi da sanyi a tsakiyar laka suke giftawa, don haka su kogon ke fara dannewa, mutum ya ci gaba da jin taɓawa amma ya daina jin ƙuna.

An yi min tiyata. Sun cire ɗan ƙashi daga ƙeya da bayan ƙashin wuya na farko, suka faɗaɗa fatar da ke lulluɓe ƙwaƙwalwa don ruwa ya samu hanya. Makonnin farko wuyana ya ƙage sosai. Amma ranar da na yi atishawa na tsaya ina jiran guduma ba ta zo ba, sai da na yi hawaye.

Kogon ya ragu a hoton da aka sake ɗauka. Jin zafi a yatsu biyu dai bai dawo ba, kuma an faɗa min tun farko cewa tiyata tana tsayar da ɓarna ne, ba lallai ta gyara wadda ta riga ta faru ba. Yanzu duk likitan da zai yi maganar ɗebo ruwa daga gadon bayana, ina fara gaya masa ina da Chiari, domin hakan na iya ƙara janyo ƙwaƙwalwa ƙasa, kuma ba na barin kowa ya murɗa min wuya da sunan gyara. Ruwan wankan yara da hannun hagu nake gwada shi. Littafin yana nan, na ƙara masa shafi a baya na abubuwan da suka canza ba tare da sun yi ciwo ba, kuma shi nake fara buɗe wa likita duk ranar da na koma.