Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Alawar da Baba Ya Zo da Ita

Makon jiya mun tsaya inda Baba ya sayar da audugarsa ya kama hanyar hajji. Daga Sinnar ta ƙasar Sudan ya hau jirgin ƙasa, ya bi ta Gadarif da Kasala har bakin teku, jirgin ruwa ya tsallaka da su Bahar Maliya zuwa Jidda. Mu 'yan Maiwurno, garinmu da ke kusa da Sinnar, hanyar gabas gadonmu ce. Ita ta fito da kakanninmu daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, suka biyo Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru.

Ranar da ya dawo gida ya cika maƙil. An raba dabino da zamzam, maza sun samu tasbaha, mata kwalli. Sai da aka watse ya kira mu yara, ya ciro wani ƙulli daga ƙasan akwati, ya ba kowa alawa biyu.

An naɗe ta a takarda mai ƙyalli, an murɗe bakin nan da nan, da hoton wani ɗan itace ruwan goro. Bayanta tofi ne mai danƙo, yana kama haƙori. Idan ka yi haƙuri ka tsotsa, sai ka iso wani abu mai kauri a tsakiya, zaƙi da ɗan tsami-tsami. Mun tashi da tsamiya da kuka da magarya da goruba da aduwa, mun san alawar Mauludi ta riɗi da ta gyaɗa, amma wannan ba ta yi kama da ko ɗaya ba. Yaya ya ce lemo ne, na ce wallahi ba lemo ba ne. Na tambayi Baba sunanta, ya ce, "Uwata, ni dai na ga tana kyau na saya muku." Allah Ya jiƙansa, kuɗin abincinsa na hanya ya rage ya saye ta, daga baya Inna ta gaya mini.

Da aure ya kawo ni Makka, muka zauna a Shari'a Mansur cikin 'yan uwanmu Hausawa, sai na shiga nemanta. Duk wanda na kwatanta wa sai ya ce Makintosh ce, wato Quality Street, wadda aka fara yi a Halifax ta Ingila a 1936, ga ta a falon kowa ranar sallah. Maigida ya sayo gwangwani guda. Akwai mai ɗanɗanon lemo a ciki, amma cakulan ne ya lulluɓe ta, cikinta kuma laushi ne zalla. Ba ita ba ce. Na zaga kasuwar Utaibiyya, masu kanti suna ta miƙo mini iri-iri, babu.

Sai a wani azumi maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da aka haifa a Makka amma Hausarta tangaran, ta aiko mini da jug na abin sha ruwan goro. Kurɓa ɗaya na yi bayan kiran magariba, hawaye ya zubo. Ko mayafi ban gyara ba na faɗa gidanta.

"Hajiya, don Allah me kika jiƙa?"

"Kamaraddin ne, 'yar nan. Mishmish ake matsewa a shanya ya zama faifai, daga Sham ake kawo shi. Lafiya kike kuka?"

Mishmish. Shi ne ɗan itacen da ke jikin takardar, shi ne kuma a cikin tofin. A daren na rubuta wa Yaya wasiƙa, don gardamar ta daɗe tsakaninmu.

Sunan alawar dai har yau ina cigiya. Duk wanda iyayensa suka taɓa kawo tofi mai mishmish a ciki daga hajji, don Allah ya taimaka mini da shi. Mako mai zuwa insha Allahu zan ba ku labarin haihuwata ta fari, da yadda Hajiyar nan ta tsaya mini a madadin Inna.