Farfaɗiyar da ba ta kayar da mutum ƙasa

Aikina a ɗakin ganin masu ciwon ƙwaƙwalwa da jijiyoyi shi ne ɗaukar bayanin mara lafiya kafin ya shiga wurin likita. Da na fara, tambayata ta farko ita ce "Yana faɗuwa?" Idan aka ce a'a, sai in kawar da zancen farfaɗiya daga raina. Kuskure ne babba. Wanda ya yanke jiki ya faɗi, ya sandare, yana shure-shure kumfa na fita a baki, ba sai an yi wa kowa bayaninsa ba. Masu wuyar ganewa su ne waɗanda abin ke zuwar musu a zaune.

Yanzu tambayar da nake farawa da ita ita ce, "Me kake ji kafin abin ya zo?" Wani zai dafa cikinsa ya ce wani abu ne ke tasowa daga nan zuwa maƙogwaro. Wata za ta ce ƙaurin roba take ji alhali babu wuta kusa, ko tsoro ya rufe ta babu dalili, ko ta ji kamar ta taɓa ganin wannan zaman da wannan hirar sak. Sai in juya ga wanda ya rako shi: "Baba, a lokacin me kuke gani?" A nan ake jin sauran. Ya ƙura ido wuri ɗaya, yana tanɗar baki kamar mai tauna, yana murza bakin rigarsa, a kira shi bai amsa ba. Minti ɗaya zuwa biyu ya wuce, ya bar shi da ruɗewa da gajiya, kuma bai san an yi ba. Idan kullum da fasali ɗaya yake zuwa, farkonsa da ƙarshensa iri ɗaya, wannan kamannin ya fi komai jan hankalin likita.

A yara akwai mai gajeren zango, daƙiƙa 5 zuwa 15. Yarinya tana cikin karatu ta tsaya cak, ido a buɗe, sannan ta ɗora daga inda ta tsaya. Zai iya faruwa sau da dama a yini, har malamai su yi mata lakabin mai wasa da karatu. Bambancinta da mai zurfin tunani shi ne ko an taɓa kafaɗarta ba ta juyowa. A matasa kuma akwai zabura ta safe: hannu ya fizge, kofin shayi ya suɓuce, musamman bayan kwanan zaune. Mai barci shi kaɗai a ɗaki kuwa, shaidarsa sai dai ya farka ya ga ya ciji gefen harshensa, jini a matashi, ya jiƙa shimfiɗa, jiki duk ciwo kamar an yi masa duka.

Da yawa kuma ba farfaɗiya ba ce. Suma ta yau da kullum tana zuwa wa wanda ya daɗe a tsaye cikin zafi: gumi, jiri, gani ya dushe, ya sulale, ya farfaɗo cikin ƙasa da minti ɗaya da hankalinsa. Yana iya ɗan fizge-fizge, shi ya sa ake rikita su. Mai ciwon sukari da ke shan magani, musamman da azumi, a fara auna sukarinsa. Ƙasa da 70 a na'urar da ke auna mg/dL ya yi ƙasa. Jijjigar yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 mai zazzaɓi mai zafi lissafinta daban, haka jijjigar mai juna biyu, wadda ba ta jiran gari ya waye. Samari kuma ina tambayarsu Tramadol bayan na sa iyaye sun ɗan ba mu wuri, domin shi kaɗai yana iya jawo jijjiga. Wanda ya suma yana cikin gudu ko ƙwallo, zuciyarsa ake fara dubawa.

A ƙa'ida ana kiran abu farfaɗiya ne idan ya faru sau biyu babu wani dalili na nan take irin waɗannan, da tazarar fiye da awa 24. Ina kuma tambayar abin da ya wuce: sanƙarau, maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa, buguwa a ka, doguwar naƙuda lokacin haihuwarsa, shanyewar ɓarin jiki.

Abin da na fi nanata wa iyalai shi ne waya da littafi. Mutum ɗaya ya kula da mara lafiya, wani ya ɗauki bidiyo, fuska da hannaye duka su fito, ya kira sunansa a ji ko zai amsa. A duba agogo, domin a ruɗe minti ɗaya kan zama "kusan rabin awa". A littafi a rubuta rana, lokaci, abin da yake yi, barcin da ya samu daren, da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo daidai. Mutane sun fi ɗokin gwajin EEG, wanda ake manna wayoyi a fatar kai na minti 20 zuwa 30, ana samunsa a manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano. Sai dai yana ganin abin da ƙwaƙwalwa ke yi a wannan ɗan lokacin ne kawai, kuma masu farfaɗiya da yawa gwajinsu na farko lafiya lau yake fitowa. Na sha ganin an dawo da takardar ana murna an daina zuwa.

Kafin a samu amsa, a ajiye tuƙin mota da babur, a bar ɗiban ruwa a rijiya, wanka a rafi, hawa bishiya da zama gaban murhu shi kaɗai. Idan babbar ta zo, mai kayarwa da shure-shure, a kwantar da shi ta gefe, a sa tsumma ƙarƙashin kai, a janye abin da zai ji masa ciwo. Kada a cusa cokali a baki, kada a danne shi, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu sai ya farfaɗo sarai, domin yana iya wucewa huhu. Miyansa ba ya sa wa kowa ciwon. Idan ta haura minti 5, ko wata ta biyo bai farfaɗo ba, a nufi asibiti. Ba na hana kowa addu'a; a yi ta a kan hanya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da ciwon, kuma har 7 cikin 10 za su iya rabuwa da faɗuwar idan an gano shi an ba su maganin da ya dace. Wannan "da ya dace" shi ya sa nake hana sayen magani a kemis bisa shawarar maƙwabci. Carbamazepine da ke yi wa wani aiki yana iya tsananta wa yarinyar nan mai tsayawa cak da saurayin nan mai zaburar safe, yana kuma rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa. Sodium valproate yana iya cutar da ɗan tayi, don haka mace ta faɗa wa likita idan tana da ciki ko tana sa rai. Wanda ya fara sha kuma ba ya yankewa rana ɗaya don ya ji sauƙi. Likita ne ke rage shi sannu a hankali, galibi sai an shekara biyu ba a ga komai ba.